Rabin hoto yana fitowa baƙi idan filasha ta haska

Sabon Shiga: Assalamu alaikum, manya. Fitilun filasha ne biyu, Godox AD600, ɗaya na haɗa ta da kyamarar Canon ta wayar kebul, ɗayar tana kan S2, wato saitin da take haskawa in ta ga hasken wata filasha. Shata, wato ƙofar da ke buɗe wa haske a kyamara, tana kan 1/500 na daƙiƙa. Rabin hoton baƙi ƙirin, ta biyun kuma ta ƙi haskawa. Ina matsalar take?

Mai Sutudiyo: Wa alaikumus salam. Shatar ce ta yi sauri da yawa, ɗan uwa. Labule biyu ne a cikinta. A 1/500, na biyu yakan fara rufewa tun na farko bai gama buɗewa ba, sai filasha ta haska alhali wani ɓangaren sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton, a rufe yake. Waya kuma ba ta gaya wa kyamara ta rage gudu. Sa kyamara a M (saitin hannu), shata 1/160, ISO (ƙarfin jin hasken sensa) 100, buɗewar lens f/8. In hoton ya yi duhu, ƙara ƙarfin fitila ko ka buɗe zuwa f/5.6.

Mai Gyaran Kyamara: Mayar da fitila ta biyun S1, mai haskawa da zarar ta ga hasken farko. S2 tana ƙyale hasken farko ne, ta jira na biyu, alhali a nan sau ɗaya tak ake haskawa.

Mai Sutudiyo: Haka ne, malam. Amma ni a ganina gara ya sayi X2T na Canon, na'urar Godox da ke kunna filasha ta rediyo, ya huta da waya. Tashar rediyo ɗaya ga duka, babbar fitila rukunin A, ɗayar B. Da shi HSS, wato saitin da ke barin filasha ta yi aiki da shata mai sauri, zai ba ka 1/500 ɗin, sai dai yana cin ƙarfin haske sosai, a cikin ɗaki ba ka buƙatarsa.