Neman shawara: in ƙarasa koyon sassaƙa ƙarfe da inji, ko in sauya hanya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Shekarata biyu ina koyon aiki, na fara da injin hannu, yanzu kuma ina kan injin CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa. Kwanan nan na ga manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ta karɓi zane ta tsara hanyar da wuƙa za ta bi cikin 'yan mintuna, aikin da maigidana kan kwashe rabin yini a kansa, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin in dage, ko in nemi wata sana'ar tun da sauran ƙuruciya?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan fargabar ta girme ka. Tun 1952 aka nuna injin da ke bin umarnin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka, kuma da CNC ya bazu, waɗanda suka koyi G-code, wato harshen da ake ba injin umarni da shi, sun ci gaba da cin abincinsu. Ka sani manhaja ba ta ganin yadda ka ɗaure ƙarfe. Na taɓa saka shirin da kwamfuta ta ce lafiya lau yake, amma da wuƙa ta shiga ƙarfen sai na ji ƙararta ta sauya, ta fara karkarwa, na tsayar da injin kafin ta karye, ashe ɗaurin ne bai yi ƙwari ba. Wanda kunnensa bai san wannan ƙarar ba, ta yaya zai kama irin wannan kuskuren?

Amsa ta biyu:
Maganar Baba gaskiya ce, amma kada mu ɓoye masa sauran. Aikin saka ƙarfe, danna maɓalli da cirewa shi ne zai fara tafiya, domin kamfanin Fanuc na Japan ya daɗe da masana'antar da mutum-mutumi ke aiki dare da rana ba mutum a tsaye, kuma na'urorin da ke lura da girgizar inji su gano dakushewar wuƙa sun riga sun shigo. Ƙanena, ka ƙarasa koyonka, amma ka haɗa da manhajar tsara aikin inji irin su Mastercam ko Autodesk Fusion, da karanta zane, da awo da maikuromita, na'urar auna kauri, har zuwa milimita 0.01. Ƙera madadin ɓangaren da ya lalace, wanda guda ɗaya tak ake so kuma babu zanensa, har yanzu gwanin mutum yake nema.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Gobe zan roƙi maigidana ya bar ni in riƙa duba shirin da manhajar ta fitar, layi bayan layi, kafin a kunna inji.