Neman shawara: fondeten na narke min a fuska kafin a watse taro

Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu sanin kwalliya ku taimaka min. Ina Yamai, unguwar Boukoki, armen ƙanwata saura sati biyu kuma kun san zafin watan Mayu, jiya ma ya wuce 40. Wancan bikin da na je na shafa man kaɗe kamar kullum na ɗora fondeten (kirim ɗin nan mai kalar fata da ake sawa kafin hoda) na bi da hoda sosai, wallahi ko awa 2 ba a yi ba gefen hancina ya tsattsage kamar ƙasar tafki in ta bushe, bakin farin mayafina duk ya yi ja, da hotuna suka fito kuma fuskata toka-toka wuyana baƙi kamar ba jiki ɗaya ba. Na ji kunya ranar. Fatata mai maiƙo ce. Me nake yi ba daidai ba?

Tanti mai kwalliyar amare, Yantala:
Wa alaikis salam ƙanwata. Man kaɗen nan shi ne farkon matsalarki. Mai ne mai kyau, amma ki bar shi sai dare ko lokacin hunturu, fondeten ba ya zama a kan maiƙo, zamewa yake. Ranar biki ki wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, ki sa mai mara nauyi ɗan kaɗan, sai ki zauna gaban fanka kamar minti 10 har ki taɓa kumatu ki ji ba ya manne miki a yatsa. Nan ne mutane ke gaggawa. In kina da base, wato abin da ake shafawa kafin fondeten don ya zauna, ki sa a goshi da hanci da haɓa kawai. Fondeten kuma ɗigo kamar ƙwayar wake a bayan hannu ya isa fuska duka, ki jiƙa soso ki matse shi sosai sannan ki riƙa dannawa a hankali, kar ki goga, daga tsakiyar fuska zuwa gefe har ƙasan muƙamuƙi. Inda tabo yake ki bari na farko ya sha iska ki ƙara a wurin kaɗai. Ni amaryata in ta ce in ƙara mata kauri ba na yarda, don ni za a zaga in ya narke.

Wata ƴar uwa daga Tawa:
Gaskiya Tanti ta hwaɗi. Amma batun toka-tokan ga, launin ne bai dace da ke ba. Mu da yawa muna sayen wanda ya hi mu haske, kuma a bayan hannu muke gwadawa cikin shago ƙarƙashin hitila. Ki shahwa kala biyu ko ukku a muƙamuƙi ki hito rana da madubi, wanda ya ɓace cikin hwatarki shi ne naki. Ki jira kwata guda kahin ki biya, wani yana ƙara duhu in ya haɗu da maiƙo da iska.

Maman ƴan biyu, Lazaret:
Hodar ma ki duba. Farar hodar nan mai laushi in ta yi yawa ita ke haskawa fari fat in hasken kamara ya doke ta da dare. Ki samu mai kalar fatarki, ki danna kaɗan inda kike zufa, ki kakkaɓe saura da buroshi. Kuma in zufa ta zo kar ki ƙara hoda a kanta, shi ke kawo tsagewar nan, ki ɗora mushuwar na takarda ki ɗaga tukuna.

Wata Hajiya:
Ɗiyata kar ki manta da alwala. Fondeten ɗin da ruwa ba ya ratsawa sai an wanke shi kafin alwala ta yi, ni dai alwalata nake yi in yi la'asar sannan in zauna kwalliya in riƙe ta har magariba.

Tanti mai kwalliyar amare, Yantala:
Na manta, ki juya kwalbar fondeten ɗin ki ga ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe, in an rubuta 12M to wata 12 ne bayan buɗewa. In ya rabu mai sama ruwa ƙasa kuma warinsa ya canza ki yar, zafinmu na kashe kaya da wuri, balle wanda ya wuni a rana kan tebur. Sosonki ma ki riƙa wankewa da sabulu, soso mai datti na kawo ƙuraje.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Yanzu na duba kwalbar, 12M ne kuma tun azumin bara waccan nake da ita, a kan taga ma take zama. Gobe in sha Allah zan shiga Grand Marché da madubina in gwada a rana, Juma'a kuma in yi gwaji a gida in ga awa nawa zai kai. Tanti base ɗin in ban samu ba zan iya yi haka nan ko dole ne?