Me za mu kira "burnout" da Hausa?

Mai tambaya, Gombe: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kan ma'aikatan jinya, sai aka cije a kan "burnout" da "recovery". An kawo "ƙonewar aiki", amma duk wanda ya ji sai ya zaci gobara ce.

Likita, Bauchi: Wa alaikumus salam. Ƙonewa kam a ajiye ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace abin a kundinta na rarraba cututtuka da matsalolin lafiya, ICD-11: ba cuta ba ce, sakamakon matsin aiki ne da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamunsa uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita a rai, ingancinsa ya ragu. "Gajiya tiɓis" ma ba ta isa ba, don ɗan dako yakan gaji tiɓis, gobe ya tashi garau.

Malamin Hausa, Gombe: Likita, to "sarewa" fa? In an ce mutum ya sare, gwiwarsa ce ta yi sanyi. Sai dai a riƙa cewa "sarewa da aiki", kada a ɗauka ta busawa ake nufi.

Jami'ar lafiyar ma'aikata, Bauchi: Malam, ta zauna. Amma akwai matakin da ke gabanta, kuma shi ya fi kamata a sa wa ido: gajiyar da barci bai kwashe ba, aka tashi da ita aka koma aiki. Ina ganin "kwantan gajiya", kamar kwantan kaya a kasuwa. A Holan an tsara tambayoyi 11 na i ko a'a don auna ta: kakan ɗauki fiye da awa guda kafin ka dawo daidai bayan tashi daga aiki? Kakan so a ƙyale ka in ka shiga gida? Kada dai a tambaya da "ina gajiya", amsar kullum "ba gajiya" ce. A lura da ma'aikaciyar da ta jera aikin dare, tana riƙe da katin majinyaci tana karanta adadin magani sau uku bai shiga ba.

Malamin Hausa: Hajiya, "recovery" kuma "warwarewa", tunda dama muna warware gajiya. "Murmurewa" ta wanda ya yi jinya ce.

Jami'ar: Haka ne. A takardar a ƙara cewa dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye hutun aƙalla awa 1, da yini guda cikin kowane kwana 7. Matsalar ita ce ranar hutun kan tafi a biki, gona ko wani aikin neman ƙari.

Likita: Wanda kuma yake samun barcin awa 7 zuwa 9 amma kwantan bai tafi ba, kada a yi saurin cewa ya sare. A fara auna jini da suga, a yi gwajin maleriya, a kuma bincika ciwon damuwa.