Musayar Waƙa: Ranar da Gladys Aylward ta Koma Landan

Baban Wusasa:

Salama gare ku, 'yan'uwa. Ga wanda bai san ta ba, Gladys Aylward Baturiya ce da aka haifa a Landan a 1902. Ta tafi ƙasar Sin aikin bishara a farkon shekarun 1930. A 1940, ana tsakiyar yaƙi da Japan, ta ja marayu kusan 100 ta kan duwatsu daga Yangcheng zuwa yankin Xi'an. Ta koma Ingila a 1949, kuma a kan wannan komawar nake so mu yi waƙa. Ni murna na gani a ciki. Wanda ya ga wani abu daban, ya amsa mini da baiti.

Da sunan Uba zan buɗe baki,
Mai kai bawansa, mai maidowa.

Gajeriyar mace, 'yar aikatau,
Daga shara sai wanki da gogewa.

Ta roƙi mishan su tura ta Sin,
Suka ce karatun ba ta iyawa.

Ta tara ladanta kaɗan-kaɗan,
Ta hau jirgin ƙasa, ba waiwayowa.

Ta ratsa Rasha da ƙanƙararta,
Har Yangcheng, babu gazawa.

Ita da tsohuwa Jeannie Lawson
Suka buɗe masauki don masu alfadarai masu wucewa.

Ta cafki linzamin alfadarin gaba,
Sauran su bi shi ciki, ba tsayawa.

Da dare in an ci an miƙe ƙafa,
Labarin Yesu ake bayarwa.

Fiye da shekara 15 ba a gan ta ba,
Uwa na ta addu'a da zuba idanuwa.

Yau ga ta a ƙofar gidan iyaye,
Ku taya ni guɗa, 'ya ta yi dawowa!

Mama Uwar Marayu:

Baba, a gafarce ni, guɗar ta ƙi fita. Ina riƙon yaran da ba ni na haifa ba, shi ya sa.

Baba, na ji kiranka na murna,
Ni hankalina yana gun yara.

Ka tuna 'yar da ta gani bakin hanya,
Rana na dukanta, ba mai lura?

Kuɗin da bai fi sisi da taro ba
Ta miƙa, ta karɓe ta, nan aka fara.

Ɗaya ta zama biyu, biyu suka yi yawa,
Yaƙi na kawowa, tana ƙara.

Da jiragen Japan suka zubo wuta,
Gari ya koma kango da ƙura.

Ta sa manyan su goyi ƙanana,
Suka hau dutse tun ba a ga rana ta ƙyalla ba sosai, da sanyin asuba suka fara.

Takalmin zane ya ƙare a tsakuwa,
Ciki ba komai, ƙafa ta kumbura.

Suka kai gaɓar Kogin Rawaya,
Ba kwalekwale, sai zaman jira.

Har sojan Sin suka zo da jirgi,
Aka haye da su, ba wanda ya saura.

Da ta miƙa amana sai ta faɗi,
Zazzaɓin taifus ya kama ta, kamar za ta ƙaura.

Uwar da ta baro su a hayin teku,
Wace guɗa ce za ta saurara?

Ɗan Maraɗi:

Mama, kin faɗi abin da ke raina,
Bari in ƙara da zancen takardarta.

A 1936 ta zama 'yar ƙasar Sin,
Ba wanda ya sa ta, da son ranta.

Ita ce ke bi ƙauye-ƙauye da izinin hukuma,
Tana kwance ƙafar da al'ada ta ɗaure wa 'yan mata.

Ta sauka Landan da rigar 'yan Sin,
Baƙuwa a unguwar haihuwarta.

Ba ƙoshi da aiki ya sa ta taho ba,
Kwaminisanci ke rufe ƙofarta.

Majami'u suka yi ta aiko kira,
A cika benci don jin labarinta.

A tafa, a zuba baiko, a watse,
Wa ya zauna ya tambayi kewarta?

Malam Maƙwabci:

Ni Musulmi ne, ɗan leƙe ne a zauren nan, amma in ana zancen maraya ba na iya yin shiru. Baba, Mama, a ba ni wuri.

Addinina daban da nata, ban ɓoye ba,
Amma mun haɗu a kan maraya.

Annabinmu ya haɗa yatsu biyu,
Ya ce haka yake da mai riƙon maraya.

Don haka na cire hula ga baiwar Allah,
Sai dai ina da ƙarin tambaya.

Wa ya koya mata harshen mutanen?
Mai dafa abincin masaukin, tun can baya.

Wa ya ba yaran ɗan abin taɓawa
A ƙauyukan da suka bi kan hanya?

Talakawan Sin ne, su ma da yunwa,
Ba a san sunansu ba a duniya.

Da ta tafi, a hannunsu yaran suka zauna,
A ba su baiti, kada a bar su a baya.

Baban Wusasa:

Malam, ka shigo da ƙafar dama, baitinka ya zauna. Amma 'yata Uwar Marayu, ban sauka daga maganata ba.

'Yata, ita ma fa 'yar wata ce,
Wadda ta haife ta na ta tsufa da ramewa.

Kin ƙirga hawayen yaran Sin,
Na tsohuwar Landan fa, ba ƙirgawa?

Jikin da ya sha rauni da zazzaɓi,
Ba ƙarfe ba ne, yana gajiyawa.

Ubangiji kansa ya ce wa manzanni
Su zo gefe su ɗan sami hutawa.

Duba Markus sura 6 aya 31,
Ko abinci ba su sami sararin taɓawa.

Yaran na Allah ne kafin su zama nata,
Shi ba ya barci, ba ya mantawa.

Autar Zaure:

Ku yi haƙuri da ƙaramar cikinku. Labarin nan a gidanmu yake kwana. Gwaggona ta daɗe a hayin iyaka tana riƙon yara, tsufa ya dawo da ita.

Baba da Mama, duk kun yi gaskiya,
Ku zo ku ga zancen a gidanmu.

Ranar da ta dawo an yi taro,
An ɗinka anko, an cika layinmu.

Sati bai zagayo ba aka watse,
Ba mai leƙowa daga majami'armu.

Har yau babbar tukunya take ɗorawa,
Alhali mu biyu ne a ɗakinmu.

In tuwo ya nuna ta jera kwanoni,
Ta tsaya da mara a hannu tana kallonmu.

Da dare in ta durƙusa addu'a,
Sunayen yaran ne kafin namu.

Mun iya rakiya har tasha,
Tarbar mai dawowa ce ta gagare mu.

Mama Uwar Marayu:

Baba, na karɓi ayar da hannu biyu. Ta huta, ta ga mahaifiyarta, wannan alheri ne. Amma ka dubi abin da ya biyo baya. Da tsohuwar ta rasu, Gladys ta nemi komawa Sin, gwamnatin Kwaminis ta hana ta. Ta zauna Hong Kong, a 1958 ta wuce Taiwan, ta buɗe gidan marayu, can ta yi ta aiki har ta rasu ranar 3 ga Janairu, 1970. Sauran baitina na Auta ne.

Auta, share hawayenki ki ji ni,
Ki kai wa Gwaggo wannan saƙo.

Gidana cike yake da bakunan ci,
Hannuna biyu ne, aikin ya yi nauyin ɗauko.

Akwai mai kukan dare, akwai mai fitsarin kwance,
Akwai wanda bai yi magana ba tun farko.

Ita ta san kan irin waɗannan,
Ni a gabanta ɗaliba ce a ajin farko.

Kada ta rage awo, kada ta canza tukunya,
Ta zo da mararta, mu muna da gero da toka da ƙoƙo.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu,
Zan turo ɗana da babur ya ɗauko.