Wai don tushen manhaja a buɗe yake, shi ke nan sirrin aikinka ya tsira?

Auta: Assalamu alaikum. Ni fa na gama yanke hukunci: duk mai son ɓoye sirrin aikinsa ya koma Aider, manhajar AI mai taya rubuta kod, wadda ke aiki a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Tushensa a buɗe yake a GitHub, lasisin Apache 2.0, kowa na iya karanta shi layi-layi. A kan kwamfutarka yake zaune, saboda haka kod ɗinka ba ya fita ko'ina.

Injiniya: Wa alaikumussalam. Auta, da ka girka shi, me ka fara ba shi? Makullin API, wato lambar sirrin da ke ba shi izinin amfani da AI ɗin wani kamfani. Na wa? Na OpenAI, ko Anthropic, ko Google. Aider ɗan aike ne kawai. Yana tattara fayilolin da ka ƙara masa, ya haɗa da taƙaitacciyar taswirar sauran aikin, ya aika wa sabar kamfanin, can ake tunanin a dawo masa da amsa. Ɗan aiken ka san shi ciki da waje, amma gidan da yake kai saƙon a kulle yake. Haka Codex CLI da Gemini CLI da suka fito a 2025: manhajar taminal a buɗe, ƙwaƙwalwar AI da ke amsawa a rufe.

Auta: To ai ba dole ba ne, Yallaɓai. Sai in haɗa shi da Ollama, manhajar da ke gudanar da AI a kwamfutar mutum, ƙwaƙwalwar ta zauna a kwamfutata.

Malama: Wannan gaskiya ne ƙanena, kuma ita ce kaɗai hanyar da maganarka za ta tabbata. Sai dai da tsada. Ƙwaƙwalwa mai ma'auni biliyan 7, idan an matse ta, tana cin gigabait 4 zuwa 5. Mai biliyan 70 tana neman kusan gigabait 40, wa ke da wannan a laftof? Ƙaramar kuwa na gan ta da idona: Aider ya ce ta kawo layin da za a cire daidai yadda yake a fayil, sannan wanda zai maye gurbinsa. Sai ta sauya tazara ɗaya ko waƙafi, gyaran ya ƙi shiga, a sake tambaya, ta sake kuskurewa. Haƙuri ya ƙare, mutum ya koma wa makullin API bai ma lura ya sauya matsayi ba.

Yaya Babba: Ni ban yarda a rage wa buɗaɗɗen tushe daraja ba. Injiniya, ta yaya ka san abin da Aider ke aikawa? Ba don kana iya buɗe shi ka duba ba? Rufaffiyar manhaja sai abin da aka faɗa maka. Nan kuwa yau ka yi da wannan kamfani, gobe ka sauya, jibi ka yanke su duka. Wannan 'yancin ba ƙarami ba ne.

Injiniya: Yaya, ban musa ba. Amma "kowa na iya dubawa" daban, "wani ya duba" daban. Ka tuna xz, manhajar matse fayil, a Maris 2024, ƙofar baya aka dasa a manhajar da tushenta ke buɗe.

Yaya Babba: Kuma wa ya kama ta? Wani injiniya, Andres Freund, don ya ga shiga ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono. Da a rufe take, ina zai bi?

Malama: Ku yi haƙuri in katse ku, duk kun bar abin da ya fi tayar min da hankali. Wannan abin a taminal yake, inda umarni ɗaya ke share aikin shekara. Yana kawo umarni ya tambaye ka ko a gudanar, mutane kuma sun gaji da dubawa, sai su riƙa amsa eh ba tare da sun karanta ba. Haba! Idan fayil ɗin da ya karanta na ɗauke da umarnin da wani mugu ya cusa fa? Ga kuma .env, inda kalmomin sirri suke. Ka ƙara shi cikin hira sau ɗaya, ya tafi.

Auta: Ai duk gyaran da ya yi yana ajiye shi a git, ma'ajiyar tarihin sauye-sauyen kod, Malama. Da /undo sai ya dawo.

Malama: Gyaran fayil yake dawowa. Rumbun bayanan da umarni ya goge, git bai san da shi ba. Makullin da ya riga ya isa sabar wani kuma babu /undo da zai janyo shi, sai dai ka soke shi ka karɓi sabo.

Auta: Duk da haka ni ina nan kan bakata, ya fi rufaffen aminci.

Injiniya: Wannan wata magana ce, kuma zan iya bin ka a kanta. Wadda ka fara da ita ita ce kod ba ya fita. Kashe intanet ɗinka yanzu, ka ce ya gyara maka layi ɗaya, sannan ka dawo ka faɗa mana ko ya amsa.