Fentin ƙananan motoci a lokacin hunturu: yadda kowa yake fama da ƙura

Mai Fijo, Gyaɗi-Gyaɗi:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harhaɗa ƙananan motocin kwaikwayo, masu kama da na wasan yara. Ina so mu tattara abin da kowannenmu ya gani da idonsa game da matsala guda, wato yin fenti a Kano daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo yake rufe gari. Aikin da ke gabana Fijo 504 ce ta ƙarfe mai ma'aunin 1:43, wato an rage girman ta gasken sau 43, tsawonta santimita 10 da 'yan kai, tunda ta gasken ta kusa mita huɗu da rabi. Na kankare fentinta na asali domin in mayar da ita ruwan madara, launin wadda mahaifinmu ya hau, daga cikin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Ƙwayar ƙurar da babu mai kula da ita a jikin babbar mota, idan ta sauka a kan bonet ɗin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, sai ta zama kamar tsakuwa. Yawancin bayanan da muke samu daga Turai da Japan suke fitowa, inda damuwarsu sanyi ne da laima, mu kuwa tamu bushewar iska ce da ƙura. Don haka ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gwada da hannunsa.

Baba Mai Fenti, Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Sana'ata fentin manyan motoci ce, ƙananan kuwa jikokina ne suka jawo ni cikinsu, kuma na tarar dokar ɗaya ce. Kafin in ɗauki bindigar feshi nakan yayyafa ruwa a daɓen ɗakin har ya jiƙe sosai, in rufe taga, in fita in ba wurin lokaci abin da ke yawo a iska ya kwanta. Bayan sallar asuba nake yin aikin, kafin iska ta taso kuma kafin motoci su fara tayar da ƙurar titi.

Amma akwai abin da mutane suke ɗora wa ƙura alhali ba laifinta ba ne. A hunturu iska takan bushe ƙwarai, har fenti ya fara sandarewa a hanya kafin ya isa jikin mota, sai ya sauka gari-gari, ka shafa ka ji kaushi. Maganin wannan shi ne a ƙara tina kaɗan, wato ruwan sirka fenti, irin wadda ba ta saurin tashi, a kuma matso da hannu kusa. Mai amfani da gwangwanin feshi kada ya wuce tazarar santimita 20 zuwa 25, kuma da sanyin safiya ya tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumi na 'yan mintuna, domin ƙarfin feshinsa yakan ragu idan ya yi sanyi. Ruwa mai ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, kuma kada a kusantar da shi ga wuta ko kaɗan. Motarka kuma tunda ta ƙarfe ce, ka fara shimfiɗa mata fentin ƙasa, wato shafin farko mai kama ƙarfe, in ba haka ba launin zai riƙa ɓarewa a gefen ƙofofi.

Injiniya, Sharaɗa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da jiƙa daɓe, amma a unguwarmu safiya ce mafi muni, domin a lokacin ne kowane gida yake shara, ga hayaƙin masu hura wuta suna jin ɗumi. Ni bayan sallar isha'i nake feshi, lokacin da gari ya lafa, kuma a hunturu babu ƙwarin da ke bin fitila kamar na damina.

Motocin roba nake haɗawa, masu ma'aunin 1:24, galibi na kamfanonin Tamiya da Revell, kuma roba tana da wata matsala da ƙarfe ba shi da ita. Idan laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, abin da ba baƙo ba ne a Kano a watan Janairu da Fabrairu, goge roba da busasshen ƙyalle yakan tara mata irin lantarkin nan da yake sa riga ta riƙa ƙara idan an cire ta da dare. Daga nan ita da kanta take janyo ƙura da zaren tufafi. Saboda haka nakan wanke bodin da sabulun ruwa, in ɗauraye, in kife roba a kansa har ya bushe, ba na kuma ƙara taɓa shi da ƙyalle. Rigar sanyi mai gashi ma cire ta nake yi kafin in fara, saboda da na duba da gilashin ƙara girma, na ga yawancin abin da ya maƙale a fentina zare ne, ba ƙasa ba.

Ƙurar hazo kuwa, wadda kaso mai yawa nata yake tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana da laushin da takan daɗe a iska ba ta sauka ba, kuma tana shigowa ta ƙasan ƙofa ko an rufe. Ba za a iya hana ta shiga ɗaki ba, sai dai a rage lokacin da ɗanyen fenti yake a buɗe. Na sayi babbar roba mai murfi, wadda ake ganin cikinta, a kasuwar Ƙofar Wambai, na huda ƙananan ramuka a gefenta na toshe su da auduga domin warin tina ya sami hanyar fita. Ina gama feshi sai in saka motar ciki nan take. Wannan ne kuma ya sa na bar fentin mai a wannan lokaci, domin yakan yi awanni yana danƙo, alhali mai saurin bushewa cikin mintuna kaɗan samansa ya rufe. Gargaɗi ɗaya ga masu sayen fentin mota a kasuwa: tinarsa tana cin irin robar da ake yin waɗannan motoci da ita, har ta yamutsa fuskarta, sai an fara sa fentin ƙasa siriri an bar shi ya bushe sarai.

Ɗan Fagge:

Yayyena, ni dai haƙura nake yi. Ƙananan motocin Hot Wheels da Matchbox masu ma'aunin 1:64 nake tsinta a wajen 'yan gwanjo, kuma hunturu lokacin huda ƙusoshin ƙasansu ne a wurina, da canza tayoyi da gyaran kujeru. Fenti sai an yi ruwan farko ƙasa ta kwanta.

Malamar Zane, Tarauni:

Ƙanena na Fagge, jiran damina ma yana da nasa haɗarin. A watan Agusta na taɓa fesa fentin sheƙi a kan wata baƙar mota, ina kallo ya yi fari-fari, saboda tina tana sanyaya jikin motar yayin da take tashi, sai raɓa ta kwanta a kan ɗanyen fentin. A ganina ƙarshen Oktoba ya fi kowane lokaci daɗin aiki, ruwa ya ɗauke, hazo bai iso ba. Bazara kuwa, da zafin Afrilu yake kai maki 40, ita ce take lanƙwasa roba idan an shanya ta a rana domin ta yi saurin bushewa.

Ni ba na sayen motocin da aka riga aka zuba a kwali. Tun muna yara nake kallon yayyena maza suna ƙera motar kara da ta langa-langa, kuma a kan wannan hanya na tsaya, sai dai yanzu da ma'auni nake aiki. Na haɗa a daidaita sahu da kwali mai kauri da wayar ƙarfe, yanzu kuma ina kan babbar Marsandi 911 mai bodin katako, irin ta dakon hatsi zuwa Dawanau. Da buroshi nake fenti, da fentin ruwa na masu zane, wanda a hunturu yake bushewa a bakin buroshi kafin in gama layi ɗaya. Abin da ya warware mini wannan shi ne jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai murfi, da takardar gashin burodi a kansa, in zuba fentin a kai, sai ya yi awanni bai bushe ba. Da haka na iya rubuta addu'ar da direbobi suke sawa a goshin mota ba tare da haruffan sun kakkarye ba.

Kuma ina so mu tuna cewa ba kowace mota ce take bukatar sheƙi ba. Babbar motar da ta yi hanyar Dawanau babu wanda ya taɓa ganin ta tana walƙiya. Na tankaɗe jar ƙasa da rariya mai laushi, na shafa ta a tayoyi da ƙasan bodi, na fesa fenti marar sheƙi a kai ya riƙe ta. Irin wannan aiki nake tanadar wa hunturu, domin ƙwaya ɗaya ko biyu da za ta sauka a kai ba ta ɓata komai.

Mai Fijo, Gyaɗi-Gyaɗi:

Malama, na gode, amma Fijon nan sabuwa nake son ta fito. Baba, idan duk an yi wannan kuma ƙwaya ta sauka, sai an kankare an sake daga farko?

Baba Mai Fenti, Ƙofar Ruwa:

A'a, ɗana, kuma kada ka kai farce ko allura kana son cirewa fenti yana ɗanye, ramin da za ka bari ya fi ƙwayar muni. Ka bar shi ya yi kwanaki ya bushe har ciki, sannan ka yanki ɗan guntun samfefa mai lamba 2000, ka jiƙa ta da ruwa, ka goge wurin a hankali har tudun ya baje. Ka yi hattara da gefuna da kusurwoyi, domin fenti ya fi siranta a nan, shafa kaɗan sai ka ga ƙarfe. Bayan haka ka bi da man goge mota a kan auduga, in babu shi farin man goge baki ma yana dawo da sheƙi.

Akwai kuma maganar da ta fi fenti muhimmanci a wurina, tunda dukanmu muna cewa a rufe ƙofa da taga. Warin tina a rufaffen ɗaki yana sa jiri da ciwon kai, yana kuma kama wuta, kuma ƙyallen da muke ɗaurawa saboda hazo ba ya tare shi. Ka nemi takunkumi mai gawayi irin na masu fenti, kada ka yi feshi a ɗakin da yara suke kwana, kuma da zarar ka rufe motar a cikin robarta ka buɗe taga ka fita. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin sandarewa, kada ka fesa shi a gida sam. Idan kana son irin sheƙinsa, ka kai motar garejin da ake da kayan kariya a fesa maka.