Mota ta sha ruwa, a gyara injin ko a canza?

Salam 'yan uwa, dan Allah a ban shawara. Shekaranjiya na kutsa da Corolla ta 2005 cikin ruwa har kusan fitila, tana tsakiya ta mutu, cikin ruɗewa na sake murza ki sau 2 sai naji ƙas. Bakanike ya ciro fulogi ruwa ya yi ta fitowa, filtar iska jagab, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Mun canza mai ta tashi amma injin na ƙwanƙwasa, yace kwanrod (ƙarfen da ke riƙe fistan a cikin injin) ne ya lanƙwashe wai gara in sayi wani injin ɗan Kwatano a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Toh in an buɗe an gyara zai yi ƙarko ko canjin dole ne? Wallahi da ita nake ciyar da iyali.